Baƙin Tsuntsayen Bazara a Bakin Bahar Azrak

Daga tsakiyar Fabrairu zuwa ƙarshen Mayu, ayari biyu ne ke giftawa ta kanmu a nan bakin Bahar Azrak, wato Shuɗin Nilu, a Sudan, kuma kowanne da inda ya dosa. Na farko masu komawa gida ne. Tun watan Satumba suka gudo wa sanyin Turai da Asiya, suka yi hunturu a gonakinmu da fadamunmu ko can kudu da mu, yanzu sun juya arewa za su je su yi sheƙa. Na biyu masu zuwa ne daga kudancin Afirka da gabashinta, suna bin sawun ruwan sama, kuma a gabansu akwai shamuwa, wadda maƙwabtanmu Larabawa ke kira simbiriyya. Duk wanda ya tashi a Mai Wurno ko Sinja ko ƙauyukan Gadarif ya san idan ta sauka a bishiyar tsakar gida to lokacin sharar gona ya yi, ya kuma san faɗan da yaro zai sha idan ya taɓa ƙwanta.

Shamuwa dai tamu ce, ba mai tambayar daga ina take. A cikin ayari na farko ne ake samun wanda ke tara jama'a. Masunci ya ɗago koma ya tarar da tsuntsun da bai taɓa gani ba, ko manomi ya tsinci wani a gefen tur'a, wato magudanar ban ruwa, da zobe a ƙafa, ko yara su kamo wanda ya gaji ya kasa tashi da wata 'yar na'ura a gadon baya. Kafin la'asar hoton ya zagaya waya. Wani ya ce alama ce, wani ya ce ɗan leƙen asiri ne, mafi yawa kuma a yanka a ci, magana ta ƙare. Ni a ganina a wannan sa'a guda ta farko ake asarar abu mai daraja, domin a faɗin ƙasar nan kusan ba wanda ke ganin waɗannan tsuntsaye sai mu masu noma da su da kiwo.

Kafin a gane baƙon, sai an gane hanyar. Manyan tsuntsaye masu faɗin fiffike, irin su farar shamuwar Turai da gaggafa da shaho da kwasakwasa, ba da kaɗa fiffike suke tafiyar dubban kilomita ba. Suna jira rana ta ɗaga, ƙasa ta yi zafi, iska mai ɗumi ta fara hawa sama, sai su shiga cikinta suna kewaya har su yi nisa, sannan su miƙe fiffike su zurara zuwa inda wata iskar ke tashi. Teku ba ya tayar da irin wannan iska, shi ya sa suke ƙin ratsa shi. Dole su bi tudu, su matsu a 'yan mashigai kamar Suwez a Masar da Babul Mandab tsakanin Yaman da Jibuti. An ƙiyasta sama da tsuntsu miliyan ɗaya da rabi, iri 37, ke bin wannan hanya ta Bahar Maliya, kuma ita ce ta biyu a duniya wajen girma ga masu irin wannan tashi. Kwarin Nilu da duwatsun bakin teku na gabashin Sudan duk a kanta suke.

Ƙananan kuwa da dare suke tafiya, da ƙarfin fiffikensu da kitsen da suka tara. Akwai ɗan tsuntsu mai farin ƙugu da ke tsayawa a kan hoge a gonar da aka girbe, nauyinsa bai wuce giram 25 ba. A 2012 masu bincike suka nuna cewa waɗanda ke ƙyanƙyasa a Alaska, can ƙarshen Amurka, suna ratsa Rasha da yankin Larabawa su yi hunturu a wajejen Sudan da Yuganda da Kenya, tafiyar kusan kilomita 14,500 zuwa kawai, ban da komawa.

Abin da ya fi ba ni tausayi a lamarinsu shi ne lokacin da komawar ke faɗowa. Kafin ƙaramin tsuntsu ya tunkari Sahara sai ya ci ya yi ƙiba, wani har ya kusa ninka nauyinsa. Amma a Maris da Afrilu yake neman wannan abinci, lokacin da ƙasarmu ta fi kowane lokaci bushewa, tafkuna sun ƙafe, ƙwari sun yi ƙaranci. Abin da ya rage masa shi ne 'ya'yan asawaki, furen ƙayoyi da ƙwarin da ke binsa, dazukan bagaruwa na bakin kogi da ake kira sunut, ruwan da ya kwanta a bayan madatsar Sennar da ta Rusairis, tur'o'in Jazira, da fadamun dajin Dindir da ake kira maya. Mu zuriyar masu tafiya Hajji a ƙasa ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a nan. Kakanninmu da suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, da waɗanda suka biyo su, zango-zango suka yi tafiyar, a tsaya a yi noma a tara guzuri sannan a ci gaba, kuma zango ɗaya idan ya lalace tafiyar duka ta tsaya. Turawa sun ga haka da idonsu a 1969, lokacin da fiye da rabin wani ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro bai koma Ingila ba. Da aka bi diddigi sai aka tarar farin da ya fara a yankin Sahel ne ya cinye su.

To me ke sa a ga tsuntsu a ce baƙo ne? Sau da yawa ba ɓata ya yi ba, mu ne muka saba ganinsa a wani lokacin dabam. Tsuntsaye da yawa hanyar zuwansu dabam, ta komawa dabam. Misali surad mai jan baya, ɗan tsuntsun nan mai baƙin zane a ido da ke soke fara a jikin ƙaya ya ajiye. Da kaka yana shigowa ta Girka da Masar ya sauka Sudan ya huta kafin ya wuce kudancin Afirka, amma da bazara sai ya karkata gabas, ta Habasha da Somaliya da yankin Larabawa. Wanda ya gan shi a Sennar a Oktoba bai ga abin mamaki ba. Wanda ya gan shi a wuri guda a Afrilu ya ga abin da ya cancanci a rubuta, alhali ɗan'uwanmu da ke zaune a Jidda ko Jizan a daidai lokacin yake ganinsu da yawa. Af, surad ɗin nan yana cikin halittu huɗu da hadisin Ibn Abbas ya hana a kashe, tare da tururuwa da ƙudan zuma da alhudahuda.

Akwai kuma wanda ya ɓata da gaske. Iska mai ƙarfi daga gefe tana ture tsuntsu daga hanyarsa cikin dare, habub, wato guguwar ƙura, ya rufe masa taurari da ƙasa, gari ya waye ya sauka inda ya samu ruwa. Yawanci 'yan shekarar farko ne, waɗanda ba su taɓa yin tafiyar ba. Wasu matasan ma ba sa komawa arewa sam a shekarar farko, su yi zamansu a Afirka sai sun balaga, shi ya sa wani lokaci ake ganin farar shamuwar Turai tana kiwo a nan tsakiyar damina. Irin wannan yana da daɗin gani, amma ba shi ya fi damuna ba.

Wanda ya fi damuna shi ne wanda ya zama baƙo don danginsa sun kusa ƙarewa a duniya. Akwai wani ɗan'uwan zakaran ƙeƙuwa da ke ƙyanƙyasa a filayen Kazakistan. Launinsa ƙasa-ƙasa ne, da baƙar hula da farin layi a saman ido wanda ya zagaya ya haɗu a ƙeya, kuma ba ya damuwa da bakin ruwa kamar namu, ya fi son busasshen fili da gonar da aka girbe. Tun 2004 aka sa shi cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Shekaru da dama ba a san takamaiman inda na yammacinsu ke yin hunturu ba, sai da aka ɗaura wa wasu na'urar da tauraron ɗan'adam ke bi. A farkon 2008 biyu daga cikinsu suka bayyana a tsakiyar Sudan, bayan tafiyar kusan kilomita 8,000 ta Rasha da Turkiyya da Gabas ta Tsakiya. Masana a Turai sun yi ta murna kamar an gano abin da ya ɓata. Amma tsuntsun bai taɓa daina zuwa ba. Shekara da shekaru yana sauka a filayen da makiyaya ke ratsawa kullum, suna ganinsa, ba dai wanda ya tambaye su, su ma ba su san ana nemansa ba. Yana barin Sudan wajen ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, kuma abin da ya fi kashe shi bindigar mafarauta ce a zangunan hanya.

Shi da sauran numfashi. Wani dangin jinjimi, baƙi mai sanƙo da jan baki, labarinsa ya fi ɗaci. A 2002 aka gano 'yan ƙalilan da suka rage a kusa da Tadmur ta Siriya. Na'ura ta nuna suna bi ta Saudiyya da Yaman su yi hunturu a tsaunukan Habasha, da bazara kuma su dawo ta Iritiriya da gaɓar Sudan kafin su tsallake Bahar Maliya. Wajen 2015 wannan zuriya ta gabas ta ƙare. Ƙila wani masunci a wajen Sawakin ya ga na ƙarshe yana wucewa.

Wannan ke nan ya kawo mu ga tushen maganar. A Ingila ko Holand duk fadama da masu zuwa kallonta da madubin hangen nesa kowane mako, shi ya sa idan suka ce tsuntsu bai taɓa zuwa ba, to da wuya ya taɓa zuwa. A Sudan babban kundin da ya nuna inda kowane tsuntsu yake, wanda har yau ake komawa gare shi, a 1987 ya fito, tun kafin a raba ƙasar a 2011, tun kafin a ƙara tsawon madatsar Rusairis, tun kafin noman tarakta ya ƙara cinye dazuka masu yawa. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tarwatsa 'yan masanan da ke akwai, gidan adana halittu na Jami'ar Khartum ma bai tsira ba. Saboda haka idan aka ce an ga tsuntsun da ba a saba gani ba a Sennar, akwai yiwuwar shi kullum yana zuwa, mai rubutawa ne babu. Illar wannan ta fi ƙarfin kuskuren lissafi. Wurin da ba a rubuta abin da ke sauka a cikinsa ba, ranar da za a sare shi ko a janye ruwansa ba mai hujjar da zai tsaya a kai.

Sai batun zobe da na'ura, wanda ya fi kowanne tayar da ƙura, kuma ba yau ya fara ba. A ƙarshen 1892, zamanin Halifa Abdullahi magajin Mahadin Sudan, aka harbo wani rahu a wajen Dongola. Rahu ɗan'uwan gauraka ne, mai launin toka da farin gashi a bayan ido, wanda har yau garkensa ke yin hunturu a filayen dawa na tsakiyar Sudan da gabashinta, a watan Maris kuma ya tsallaka Saudiyya. A wuyan wannan an sami ɗan ƙaramin bututun ƙarfe da takarda a ciki. Aka kai Omdurman, Halifa ya sa aka kira Slatin, Baturen Ostiriya da ke tsare a hannunsa, ya karanta. Takardar ta ce wani mai gandu ne, Falz-Fein, ya sake shi a watan Satumba daga Askaniya-Nova, wadda yau take cikin Yukren, yana roƙon duk wanda ya same shi ya sanar da shi wurin. Sai bayan Slatin ya tsere a 1895 saƙon ya kai ga mai shi. Shekaru kaɗan bayan haka, a 1899, wani malamin makaranta ɗan Denmak mai suna Mortensen ya fara sa wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba da adireshi, kuma tsarin da ake bi ke nan har yau.

Zargin leƙen asiri ma bai gushe ba. A 2011 an kama wata mikiya a yankin Ha'il na Saudiyya da alamar Jami'ar Tel Abib. A Disamba 2012 aka kama wata a Darfur da na'ura a jikinta. A 2013 a Kina ta Masar an tsare wata farar shamuwa da aka ɗaura wa na'ura a Hangari, aka bincika aka sake ta, ba a jima ba aka tarar an yanka ta. Ban ga laifin wanda gabansa ya faɗi ba, musamman yanzu da jirage marasa matuƙa ke kashe mutane a garuruwanmu. Amma yana da kyau a san mece ce na'urar. Ba ta ɗaukar hoto, ba ta naɗar murya. Ɗan faifan hasken rana ne da batir da abin da ke gane wuri, tana aika inda tsuntsun yake, wani lokaci da tsayin da ya kai da zafin jikin na'urar. Tsuntsu kuma ba ya bin umarnin kowa, inda iska da abinci suka kai shi nan yake zuwa. Wasu na'urorin da layin waya suke aiki. A 2018 wata farar shamuwa da wata ƙungiya a Folan ke bi ta tsaya a nan kwarin Bahar Azrak a hanyarta ta komawa, saƙonta ya yanke a ƙarshen Afrilu, daga baya aka kawo wa ƙungiyar kuɗin waya na kimanin dala 2,700, domin an cire layin an yi kira na awa 20 da shi. Jaridun duniya sun mai da labarin abin dariya. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne da mutumin da ya tsince ta ya san inda zai kai labari, da an san abin da ya kashe ta.

Sanin abin da ke kashe su kuwa yana sauya abubuwa, kuma muna da shaida a cikin ƙasar nan. A da akwai layin wutar lantarki mai tsawon kilomita 31 tsakanin Bur Sudan da Khor Arba'at, wanda aka kafa tun shekarun 1950. Wayoyinsa ba rufi, ga shi a fili babu bishiya, sai farar ungulu da Larabawa ke kira rakhama ta mai da shi wurin hutawa. Da ta buɗe fiffike ta taɓa waya, shi ke nan. Masu bincike sun yi ta ƙirga gawarwaki a ƙarƙashinsa tun shekarun 1980, aka ƙiyasta ya kashe ɗaruruwa, ƙila dubbai. Da masana na Sudan da na Bulgeriya suka tara hujja suka kai gaban hukuma, aka kashe layin, zuwa 2014 an maye gurbinsa da mai rufi. Tafiya a ƙasa da ƙirga matattu a rubuta, shi ne duk abin da aka fara da shi.

Sauran masu kashe su mun san su. Feshin da ake yi wa jan baki a inda yake kwana, wanda manomin dawa ke buƙata ba shakka, ba ya tantance wanda zai faɗa wa, kuma shaho ko shamuwar da ta ci mataccen jan baki ita ma ta sha guba. Masu tarkon shaho a gaɓar teku suna kamawa don kasuwar masu farauta da shi a ƙasashen Larabawa. Kurciyar Turai da ake kira gimri, wadda ke zuwa mana garke-garke, ta ragu da kusan kashi 80 cikin 100 a Turai tun 1980. Ga sarar bagaruwa don gawayi, wadda ta ƙaru tun da gas ya yi wuya. Ba zan ce wa mai iyalin da yaƙi ya raba da gidansa kada ya dafa abinci ba. Abin da zan ce shi ne tsuntsu guda mai zobe ba zai ƙosar da gida ba, amma lambar da ke ƙafarsa ana iya shekara goma ana jiran ta.

Don haka ɗan'uwa, idan Allah ya haɗa ka da irinsa, abin da ake so ba shi da wuya. Ɗauki hoto ko da wayarka ƙarama ce, ta gefe da ta gaba, yadda baki da ƙafa da fiffike za su fito. Riƙe ranar da sunan wurin, da ko shi kaɗai ne ko cikin garke, da abin da yake yi. In da zobe, a ɗauki rubutun duka, a juya shi a ɗauki ɗaya gefen, domin sunan gari ko cibiyar da ta sa shi yana jiki tare da lambar. In yana da rai ya gaji ne kawai, a sa shi a inuwa a kwali mai huji, a ajiye masa ruwa ba tare da ɗura masa ba, a sake shi idan ya farfaɗo. In matacce ne a duba ko ƙarƙashin waya yake ko kusa da inda aka yi feshi, kuma idan sun mutu da yawa wuri guda kada a taɓa da hannu, kada a ci, domin murar tsuntsaye gaskiya ce, a sanar da likitan dabbobi. 'Ya'yanmu da ke jami'a ko waɗanda ke Saudiyya da intanet mai ƙarfi za su iya shigar da labarin a eBird, shafin intanet na rahoton tsuntsaye, inda masana ke duba rahotannin da ba a saba gani ba, ko su rubuta wa cibiyar da sunanta ke jikin zoben. Galibi sukan amsa su faɗi inda aka sa masa da shekarar.

Hattara ɗaya wadda ba ta wasa ba ce: a halin da ake ciki kada kowa ya ɗaga waya ko madubin hangen nesa kusa da madatsa ko gada ko shingen sojoji don tsuntsu, kuma wanda ya tsinci na'ura ya fara nuna wa shehun unguwa ko hukumar yankin kafin ya yi yawo da ita a aljihu. Gona da bakin tur'a da tsakar gida sun isa. Dattawanmu masunta kuma, waɗanda suka san wane tsuntsu ke zuwa da janyewar ruwa da wanda suka daina gani tun shekarun fari, a zauna da su a naɗi maganarsu da sunayen da suke kiran kowanne da Hausa da Fillanci da Larabci, a haɗa da hoto. Layukan wuta da yaƙi ya lalata a Jazira da Sennar za a sake kafa su, kuma lokacin da ake zaɓen irin turakun da za a kafa ne ya kamata a ce akwai rubutaccen bayanin inda manyan tsuntsaye ke sauka da watan da suke sauka.